Ƙafa Shida Daga Tsakiya: Yadda Aka Rage Tsawon Wani Jirgin Zama a Yorkshire

## Mutumin da jirginsa

Mai wannan lamari dattijo ne ɗan Ingila, ya haura shekara sittin, tsohon direban bas ne da ya yi ritaya. Ta wurin aiki na san shi, kuma na bi lamarin tun daga farkonsa har ƙarshe, wani da idona, wani daga bakinsa. Shekara 11 ya yi ba shi da gida a tudu. Gidansa jirgin ruwa ne na ƙarfe, irin siraran jiragen nan da ke bin kanal a Ingila, wato hanyoyin ruwan da aka haƙa da hannu tun ƙarni na 18 don jigilar gawayi da hatsi da kayan masaƙu.

Siffar jirgin ce ginshiƙin labarin, don haka sai an fahimce ta. Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, wato mita 2 da ɗan ɗoriya. Tsawonsa a takarda ƙafa 62, kusan mita 19. Ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, ƙarfe mai kaurin milimita 10. Gefunan da ke cikin ruwa milimita 6. Bangon ɗaki da rufi milimita 4. In ka cire goshi da ƙarshen baya inda ƙarfen ya lanƙwasa ya tsuke, duk abin da ke tsakani dogon akwati ne miƙaƙƙe. A ciki akwai falo mai murhun gawayi, sai kicin, sai ƙaramin ɗaki mai gado biyu ɗaya bisa ɗaya inda jikokinsa ke kwana in sun zo hutu, sai banɗaki, sai ɗakin kwanansa, sai inji a can baya.

Ba haka kawai maƙera ke zaɓar tsawon irin waɗannan jirage ba. A kan kanal akwai matakalan ruwa: ɗaki ne na dutse mai ƙofa gaba da baya, jirgi ya shiga a rufe, a cika ruwa ko a rage, jirgin ya hau ko ya sauka. Jirgin da ya fi ɗakin tsawo ba shi da hanya. Matakalan tsakiyar Ingila na zamanin James Brindley, injiniyan kanal na ƙarni na 18, suna ɗaukar kusan ƙafa 72. Amma kanal ɗin Leeds zuwa Liverpool a arewacin Ingila, mai tsawon mil 127, wanda aka kammala a 1816, matakalansa daga Wigan zuwa Leeds ƙafa 62 suke ɗauka. Jirgin dattijon an ƙera shi ne daidai wannan iyaka, kuma a kan wannan kanal ya yi zamansa duka, a ɗaure a gefen gonar wani manomi da ke karɓar haya shekara-shekara.

## Satumba: takardar tashi

A farkon Satumba manomin ya sanar da masu jirage huɗu da ke bakin gonarsa cewa ya sayar da filin, kowa ya nemi wuri kafin ƙarshen Oktoba.

Wurin ɗaure jirgi na wucin gadi ba shi da wuya. Wanda ke da wuya shi ne wurin da aka yarda mutum ya zauna a matsayin gidansa na dindindin, domin wannan sai da izinin hukumar tsara gari, kuma guraben irinsa kaɗan ne. Dattijon ya buga waya wurare da dama. Wasu suka ce a cike suke, wasu suka rubuta sunansa a jerin masu jira. Wuri ɗaya ne ya ce akwai gurbi: wata maɗaurar jirage, tafki ne da aka haƙa a gefen kanal aka jera masa gadojin katako masu iyo, kowane jirgi da gurbinsa, da wutar lantarki da famfo. Turawa marina suke ce wa irin wannan wuri, amma ba ruwansa da rini. Tafiyar minti 20 ce a bas daga gidan 'yarsa, kuma asibitin da yake zuwa saboda gwiwarsa yana kusa.

Sharaɗi ɗaya ne a rubuce cikin yarjejeniyar: kada jirgi ya wuce ƙafa 58, a haɗa da duk abin da ke maƙale a jikinsa.

## Oktoba: awo, da gwaji biyu

Dattijon ya tafi da tunanin ƙafa 4 ce tsakaninsa da gurbin, kuma yana ganin magana za ta iya rufe wannan rata. Manajan wurin ya ce a kawo jirgin a auna.

Ina wurin ranar. Manajan bai kalli takardar jirgin ba ma. Ya sa aka jingine jirgin da gada, ya saki igiya mai dalma a baki, irin ta magina, daga abin da ya fi fitowa a goshi, ya yi alama da alli a kan katako. Ya je baya ya yi haka. Sannan ya miƙa tef tsakanin alamun biyu: ƙafa 63 da inci 6.

Ƙarin ƙafa ɗaya da rabi daga gammo ya fito. Irin waɗannan jirage suna ɗauke da gammon igiya da aka saƙa, ɗaya a goshi, ɗaya ko biyu a baya, don su sha karo a maimakon ƙarfe. Na gaba inci 6 ne, na baya ƙafa guda. Dattijon ya san da su, don a kowace matakalar ruwa sai ya ɗage su sama kafin ƙofa ta rufu. Bai dai taɓa lissafa su cikin tsawon jirgin ba. Ratar da yake zaton ƙafa 4 ce ta zama ƙafa 5 da rabi.

Gwaji na farko shi ne cire gammon. Aka kwance su, aka sake awo: ƙafa 62 da inci 4. Incin nan huɗu allon tuƙi ne, farantin ƙarfen da ke bayan farfela wanda ake juya jirgi da shi, wanda bakinsa ya ɗan leƙo bayan jikin jirgin. Dalilin da ya sa gammon baya ke da kauri ke nan: shi ke kare allon. In babu shi, ranar da jirgin ya ja baya ya daki gada, allon ne zai lanƙwashe ko ya fita daga mazauninsa. An rage inci 14, an bar jirgin tsirara, kuma har yanzu da sauran fiye da ƙafa 4.

Gwaji na biyu shi ne roƙo. Dattijon ya ce zai biya kuɗin ƙafa 64 cif, a bar jirgin ya leƙo. Manajan bai ƙi kai tsaye ba. Ya ce masa, "Yallaɓai, ba kuɗin ne damuwata ba. Shigar da shi ka kwana bakwai, mu gani tare."

Gurbin yana cikin layi, kuma akwai wani layin jirage da ke fuskantarsa. Tsakaninsu fili ne na ruwa mai faɗin ƙafa 88, inda kowa ke ja da baya ya juya ya fita. Masu tsara irin waɗannan wurare sukan bar wa filin juyawa kimanin tsawon jirgi ɗaya da rabi, kuma ƙafa 58 sau ɗaya da rabi 87 ke nan. Wato iyakar da aka rubuta a yarjejeniya daga faɗin wannan fili aka ciro ta. Da jirgin dattijon ya shiga, filin da ke gabansa ya koma ƙafa 82 da rabi.

Kwana uku na farko babu iska, maƙwabcin da ke fuskantarsa ya fita lafiya, sai dai ya yi gaba da baya sau uku inda da sau ɗaya yake yi. Rana ta biyar iska ta taso daga yamma. Siririn jirgi ba shi da ƙashin ƙasa da zai riƙe ruwa, ga dogon bango da iska ke turawa kamar allo, kuma in yana ja da baya kusan ba ya jin tuƙi. Maƙwabcin ya fito, iska ta kwashi goshinsa kafin ya gama juyawa, ya gogi bayan jirgin dattijon ya kankare fenti wajen tsawon hannu. Babu wanda ya ji ciwo, babu wanda ya ɗaga murya. Gani ya kori ji. Dattijon da kansa ya kwance igiya washegari.

## Nuwamba zuwa Janairu: yawo a kan ruwa, da neman musaya

Doka ta ba mai jirgi wata hanya. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales a 2012, tana ba da lasisi ga wanda ba shi da maɗaura ta dindindin, bisa dokar 1995, da sharaɗin yana tafiya ta gaskiya kuma ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Dattijon ya koma wannan tsari daga 1 ga Nuwamba.

Da bazara ne da bai ji komai ba. Amma hunturu ne. Rana gajeriya ce, farantan sola ba sa cika batir, sai ya kunna inji awa biyu kullum. Ruwan sha sai ya tuƙa zuwa famfon hukuma, gawayi da tukunyar gas sai ya turo su a baro ta hanyar gefen kanal mai taɓo. Lokacin ne kuma hukumar ke rufe matakalai don gyara, sai tafiyar ta zama kai-komo a ɗan guntun wuri. A Disamba ruwan ya daskare kwana tara, tankinsa ya kusa ƙarewa. Ƙofofin matakala da gadojin juyawa da ke kan wannan kanal akasarinsu da ƙarfin jiki ake tura su, ga shi shi kaɗai, ga gwiwa. Wata safiya ya zame a kan ƙanƙara a bakin matakala, Allah ya kiyaye bai faɗa ruwa ba. Ranar 'yarsa ta ce masa, "Baba, wannan ba zama ba ne."

A cikin waɗannan watanni ne ya gwada abin da kowa ke ba shi shawara, har da ni: sayar da wannan, sayi gajere. Dillali ya zo ya yi wa jirginsa kuɗi. Ya duba jirage biyar masu ƙafa 55 zuwa 57 da kuɗin zai iya saya. Nan ya gane cewa gajerun sun fi tsada a kan kowace ƙafa, domin jirgi mai ƙafa 57 kusan babu kanal ɗin da ba ya shiga, kowa shi yake nema. Ɗaya ya kwanta masa a rai har ya biya aka ɗaga shi daga ruwa, safiyon jirage ya auna kaurin ƙarfen da na'urar sauti. A layin da ruwa ke tsayawa tsatsa ta ci ramuka, wasu wuraren saura milimita 3 daga 6. Kamfanonin inshora da yawa ba sa son ƙasa da milimita 4. Ya janye, kuɗin ɗagawa da na safiyo suka tafi.

Wannan asarar ce ta juya tunaninsa. Safiyon da ya duba wancan jirgin shi ne ya duba nasa shekara biyu kafin nan, kuma ya tuna: ƙasan yana nan milimita 9 da ɗoriya, gefuna kusan yadda aka ƙera su, don duk shekara biyu dattijon ke fitar da shi a shafe shi da kwalta. Safiyon ya tambaye shi ko ya taɓa tunanin yanka shi.

## Fabrairu: ina za a yanka?

Ƙara wa siririn jirgi tsawo sana'a ce sananniya a Ingila: a raba shi biyu, a ja, a cusa sabon yanki. Ragewa ita ce wannan aikin a juye, sai dai ba a cika yin ta ba, don mutane sun fi son ƙarin ɗaki.

Kafin komai dattijon ya koma wurin manajan. Gurbin yana nan, kuma aka yarda zai fara biyan haya daga Fabrairu ko da jirgin bai shigo ba. Aka rubuta a takarda yadda za a yi awon ƙarshe: igiya mai dalma, gammo a maƙale gaba da baya, ƙafa 58. Sannan ya sanar da kamfanin inshorarsa abin da zai yi, suka ce su ga rahoton safiyo bayan aiki.

Shawararsa ta farko ita ce a rage goshi, inda akwai ɗan fili na zama a waje, don kada a taɓa ɗakunan. Mai waldar da aka kai wa aikin, wanda ya shekara talatin yana ƙera irin waɗannan jirage, ya ƙi. Filin ƙafa 4 ne kacal, bai kai abin da ake nema ba. Ƙarƙashinsa tankin ruwa ne, gabansa ma'ajiyar tukwanen gas. Kuma goshi shi ne inda ƙarfe ya lanƙwasa ta fuska biyu. Wanda ya yanke shi sai ya ƙera sabo daga farko. Baya ya fi muni: can ne mazaunin inji, da sandar farfela da dole ta zauna a miƙe, da tsukewar da ke kai ruwa ga farfela. Ya ce a nemi wuri a tsakiya inda yankan gaba da na baya za su zo da siffa ɗaya.

Lissafin bai da wuya. Ana bukatar a cire aƙalla ƙafa 5 da rabi. Aka tsayar da ƙafa 6, don a sami rarar inci 6: jiki ƙafa 56, da gammo 57 da rabi. Abin da ya yi wuya shi ne zaɓen ɗakin. Falo ba zai ragu ba saboda murhu da bututun hayaƙi. Banɗaki yana da tanki a ƙasa. Ɗakin da tsawonsa ya yi daidai, taga ɗaya a kowane gefe, babu wani babban abu a ƙarƙashinsa, shi ne ɗakin jikoki. Mako biyu ya yi bai ba da amsa ba. Ni ban matsa masa ba, don na san ba ƙarfe yake aunawa ba.

## Maris zuwa Afrilu: aikin

Ranar 3 ga Maris injin ɗaga kaya ya fitar da jirgin, aka aza shi a kan katakai a filin mai walda. Dattijon ya koma gidan 'yarsa da jaka biyu.

Mako biyu na farko babu wanda ya taɓa ƙarfe. Kafinta ne ke ta kwance ciki: gadaje, bangon katako, silin, dabe. Duk wayar lantarki, duk bututun ruwa, na ɗumama ɗaki da na gas, daga baya suke tafiya zuwa gaba ta wannan ɗaki, kowanne sai da aka yi masa lamba aka yanke. Ƙarƙashin daben aka fitar da falankan kankare da aka jera don su danne jirgin cikin ruwa, aka auna su a sikeli kafin a ajiye: kilo 600.

Sai kumfar hana sanyi da aka fesa a jikin ƙarfen ta ciki. Wannan kumfa tana kamawa da wuta, kuma hayaƙinta guba ne. Aka kankare ta ƙafa 2 daga kowane layin yanka. Ranar da aka fara yankan rufi, tartsatsi ya bi ta bayan wani ƙarfen tallafi ya sami ragowar kumfa da ba a gani ba, ta fara cin wuta a ɓoye. Yaron da aka ajiye a ciki da abin kashe gobara, ba shi da wani aiki sai kallo, shi ya ji wari ya yi ihu. Aka kashe cikin minti ɗaya. Mai waldar ya tsayar da aiki kwana guda, aka ƙara kankarewa zuwa ƙafa 3, wanda ya jawo aka cire rabin kabad ɗin kicin da ba a yi niyyar taɓawa ba.

Kafin yanka, an gicciya ƙarafa a ciki an ɗana su da walda a kowane ɓangare, don kada bakin akwatin ya buɗe ko ya murɗe in an raba shi. An ja zare daga goshi zuwa baya a tsakiyar rufi da kuma gefuna, an buga alamu. Yankan kansa yini ɗaya da rabi ya ɗauka. Na je da yamma na tarar da jirgin gida uku, ana hango bishiyoyi ta tsakiyarsa, ga labulen tagar jikokin mai zanen kifi har yanzu a rataye a yankin da aka ajiye gefe.

Aka ɗora rabin gaba a kan bututan ƙarfe, aka ja shi da sarƙa a hankali har baki ya haɗu da baki. Ƙasa ta zauna daidai. Gefuna suka zo da bambancin milimita 3, wanda jak da maɗauri suka gyara. Rufin ne ya ƙi: na gaba ya fi na baya tudu da milimita 12. Jirgin da hannu aka ƙera shi, kuma maƙerin farko ya ɗan ɗaga rufin yana tafiya gaba, abin da ido ba ya gani a tsawon ƙafa 62 amma ya fito fili da aka cire ƙafa 6 daga tsakani. Da an danne shi da ƙarfi an yi walda, da an sami tudu da zai tare ruwan sama har abada. Mai waldar ya tsaga ƙarafan tallafin rufin na tsawon mita ɗaya a kowane ɓangare, ya raba bambancin a hankali, sannan ya mayar. Kwana uku wannan ya ci.

Waldar ma ba a yi ta a jere ba. An fere bakin farantan ya zama kwari, an fara cika gindin, sannan aka bi ciki da waje. Ana yin ɗan guntu a dama, a koma hagu, a bar wuri ya huce, domin zafi na jan ƙarfe, kuma dogon layi a gefe ɗaya zai iya lanƙwasa jirgin kamar ayaba. Ƙasan mai milimita 10 sai da mai waldar ya kwanta rigingine a ƙarƙashin jirgin. Da aka gama, safiyo ya fesa jan rini a kan layin, ya goge, ya fesa farin gari. Wuri biyu jan ya tsatso, ƙananan ramuka kamar bakin allura, duka a kusurwar da gefe ya haɗu da ƙasa. Aka nike su da garanda aka sake.

Aikin ƙarfe duka kwana 12 ne. Mayar da ciki ya ci mako biyar. Bututun gas ba a haɗa shi a tsakiya ba, sabo aka ja tun daga goshi har kicin, don kowace mahaɗa wurin yoyo ce, kuma gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasan jirgi yake taruwa. Manyan wayoyi ma sababbi aka ja. Fentin waje bai yi daidai da tsohon da rana ta ci ba, sai aka sake fente gefen ɗaki gaba ɗaya. A ƙarshe kuɗin kafinta da mai wuta da mai gas da fenti ya ninka na mai walda sau biyu, kuma jimillar ta wuce ƙiyasin farko da kusan kashi ɗaya bisa uku.

## Mayu: komawa ruwa

Ranar 8 ga Mayu aka mayar da shi ruwa. Aka bar shi rataye da igiyoyin injin awa guda ana duba ƙarƙashin dabe da tocila. Ko ɗigo babu.

Amma bai zauna daidai ba. Ya karkata hagu har ƙwallo na gangarawa a kan tebur, bayansa kuma ya nutse fiye da da da santimita 4.

Dalilin a lissafe yake. Yankin da aka cire, mai tsawon mita 1.83 da faɗin mita 2, yana nutse cikin ruwa kimanin santimita 56, wato yana ture ruwa kusan tan 2, kuma wannan ne nauyin da yake ɗauka. Nauyinsa shi kansa, ƙarfe wajen kilo 750, kankare 600, katako da gadaje wajen 300, bai kai tan 2 ba. Ɗakin yana taimaka wa sauran jirgin ɗaukar kusan kilo 350, yanzu wannan taimako ya tafi. Ga shi kayan da ke cikin ɗakin, littattafai da akwatin kayan aiki, an mayar da su ɗakin baya. Karkatar kuwa, gadajen jikokin da aljihunansu a dama suke, su ke daidaita kicin da tankin banɗaki da ke hagu.

Nutsewar baya ba abin wasa ba ce, don bakin bututun hayaƙin inji da ramukan zubar ruwa suna can, kuma ana son su tsaya wajen inci 10 sama da ruwa. Aka buɗe daben ɗakin baya aka cire kilo 200 na kankare daga hagu, aka mayar da kilo 80 can gaba a dama, ana yi ana duba ma'aunin ruwa na magina a kan dabe, tankin ruwa a cike rabi. Yini biyu aka yi kafin ya zauna.

Bayan haka mai duba lafiyar jirage ya zo ya sabunta takardar da ake yi duk shekara huɗu, safiyo ya aika wa inshora rahoto, aka sanar da hukumar kanal sabon tsawo, kuɗin lasisi ya ɗan sauka tunda da tsawo ake lissafa shi. Ranar 19 ga Mayu manajan ya saki igiyarsa gaba da baya: ƙafa 57 da inci 6.

## Hukunci

A ganina manajan bai yi kuskure ba, kuma kwana bakwai ɗin da ya bayar sun fi duk wata muhawara amfani. Kuskuren farko na dattijon ne, kuma kuskure ne da kusan kowane mai jirgi ke yi: ya riƙe lambar da ke takarda. Da ya auna jirginsa da kansa a Satumba, da bai ɓata Oktoba yana neman rufe ratar da gammo da roƙo ba za su taɓa rufewa ba. Cire abin da ke maƙale yana aiki ne in ratar inci ce. In ta kai ƙafafu, sai jiki.

Yankan ya yi nasara saboda abubuwa da suka haɗu a wannan jirgi, ba don dabara ce mai kyau ga kowa ba. Ƙarfe ne, kuma walda mai kyau tana mayar da ƙarfe ɗaya. Tsakiyarsa miƙaƙƙiya ce. Jikinsa lafiyayye ne da shaidar awo, don haka kuɗin da aka zuba ba a kan ruɓaɓɓen abu aka zuba ba. Jirgin roba mai zare irin na teku, wanda babu taku biyu a jikinsa masu siffa ɗaya, ba zan ba kowa shawarar ya yi masa haka ba. Haka wanda jirginsa na shaƙatawar ƙarshen mako ne: ya jira gurbi ya fi masa arha nesa ba kusa ba. Dattijon gida yake nema kusa da 'yarsa da asibitinsa, kuma hunturu ɗaya ya nuna masa ba zai iya jira ba.

Abin da na fi ganin an yi daidai shi ne tsarin da aka bi a Fabrairu: an kama gurbin, an rubuta yadda za a auna, an sanar da inshora, duk kafin garanda ta taɓa ƙarfe, kuma an bar rarar inci 6. Abin da aka raina shi ne ciki. Kowa, har da ni, hankalinsa na kan walda, alhali mako biyar da mafi yawan kuɗin a wayoyi da bututu da katako suka tafi. Kumfar ma an raina ta, kuma yaron da ke zaune da abin kashe gobara shi ne ya hana a rasa jirgin baki ɗaya.

Kuɗin ba zai dawo duka ba in ya tashi sayarwa, ko da yake sabon tsawon ya fi samun masu saye. Ɗakin jikoki kuma ya tafi. Yanzu kujerar falo ce ake buɗewa ta zama gado, babban ya kwana a kai, ƙaramar a katifa a ƙasa kusa da murhu. A watan Agusta ya ɗauke su suka gangara Leeds, suka bi ta Wakefield suka shiga hanyar ruwan Calder da Hebble, wadda matakalanta ƙafa 57 da rabi suke ɗauka, suka hau ta Salterhebble har Sowerby Bridge, inda jirgin bai taɓa zuwa ba a shekara 11.